Joseph Agbeko da ajin laba 118: yadda kambu ya zo sau biyu, ya tafi sau biyu

Daga 29 ga Satumba 2007, daren da Joseph Agbeko, ɗan damben boksin na Ghana, ya fara ɗaura kambun duniya, zuwa 7 ga Disamba 2013, daren da ya kara da Guillermo Rigondeaux, sau 9 kacal ya hau dandamali. Shekara 6 ke nan da 'yan watanni, kuma su ne shekarun ganiyarsa, daga 27 zuwa 33. A 2008 wasa ɗaya ya yi, a 2010 ɗaya, a 2012 ko ɗaya bai yi ba. Wanda ke son ya gane yadda rayuwar ɗan damben boksin a ƙananan azuzuwa take tafiya, sai ya riƙe wannan lissafi kafin ya shiga maganar wa ya fi wa ƙarfin hannu.

An haifi Agbeko a Akkara a 1980, garin da unguwarsa ta Bukom ta yi suna wajen fitar da 'yan dambe. Ghana ta riga ta ga D.K. Poison ya ci kambun duniya a 1975, ta ga Azumah Nelson da Ike Quartey, ta kuma ga Nana Konadu ya riƙe kambun WBA, ɗaya daga cikin manyan hukumomin dambe na duniya, a ajin Agbeko na bantam a 1996 da 1997. Agbeko, wanda ake wa laƙabi da King Kong, ya shiga damben kuɗi a ƙarshen 1998.

Sikeli kafin naushi

Iyakar ajin bantam laba 118 ce, wato kilo 53.5. Ajin da ke ƙasa da shi ya tsaya a 115, na samansa a 122. Tazarar kusan kilo ɗaya da rabi ce ta ƙasa, kilo biyu ba kaɗan ta sama. A damben gargajiya ido ne sikeli, a duba girman jiki a haɗa mutum biyu. A nan kuwa gram 100 na iya raba zakara da kambunsa tun kafin a buga ƙararrawa.

Ɗan damben da ke wasa a 118 ba a wannan nauyi yake yawo ba. Galibi yakan shiga sansanin horo da rarar kilo 5 zuwa 8, kuma mako 8 zuwa 10 ne a gabansa. Kashi na farko kitse ne, ana sauke shi a hankali, kamar rabin kilo a mako, da gudun asuba da rage abinci. Abin da ya rage a makon ƙarshe ruwa ne. Ana janye gishiri, a rage shinkafa da duk wani abinci mai sitaci, saboda kowane gram na sukarin da tsoka ke ajiyewa yana riƙe da kusan gram 3 na ruwa. A rage ganye da abin da ke daɗewa a hanji. Daga nan sai a taƙaita shan ruwa a kwana na ƙarshe, a fitar da sauran ta gumi.

Ga ƙaton mutum mai kilo 90, zubar da ruwa kilo 2 ba wani abu ba ne. Ga mai kilo 55 kuwa ya kusa kashi 4 cikin 100 na jikinsa, alhali daga kashi 2 ƙafa take fara nauyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne shiga sansani da ƙiba fiye da kima, sai horon duka ya koma yaƙi da sikeli, dabara ta zama abin da ake taɓawa in an samu sarari. Kuskure na biyu bayan awo ne. Ana hawa sikeli kwana ɗaya kafin wasa, sai yunwa ta sa mutum ya cika ciki lokaci guda. Abin da ya dace shi ne kurɓar ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, sa'an nan abinci mai sauƙi a tsakanin awowi. Hukumar IBF, wadda kambunta Agbeko ya riƙe, tana da ƙarin sharaɗi: da safiyar ranar wasa a sake hawa sikeli, kuma kada a wuce laba 10 a kan iyaka, wato 128. Zakaran IBF ba shi da damar ya kumbura yadda ya ga dama cikin dare.

Jira na farko

A watan Mayun 2004 Agbeko ya je Jamus ya kara da Wladimir Sidorenko ɗan Yukren, wanda ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 2000. Biyu daga cikin alƙalan maki suka ba Sidorenko, na uku ya ce kunnen doki. Shi ne karo na farko da aka ci Agbeko, kuma a hannun mutumin da zai zama zakaran WBA a shekara mai zuwa. Agbeko ya dawo gida ya ci kambun ƙasashen Kwamanwel a watan Oktoba. Daga nan shiru, sama da shekara biyu bai yi wasa ba.

Dalilin irin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne ga masu harkar. Ɗan damben da ya iya, amma sunansa ba ya sayar da tikiti a Turai ko Amurka, babu manajan da zai so ya haɗa yaronsa da shi: haɗarin da yawa, ribar kaɗan. Sai da ya koma Amurka a 2007, ya zauna a unguwar Bronx ta birnin New York a ƙarƙashin mai shirya wasa Don King, sa'an nan ƙofa ta buɗe.

Bahagwai uku a jere

Zakaran IBF a lokacin Luis Alberto Pérez ne ɗan Nikaraguwa, bahago, wanda ya taso daga ajin 115 ya ci kambun a watan Yulin 2007. A Sacramento Agbeko ya yi ta kafta masa hannun dama har fuska ta kumbura, likita ya tsayar da wasan bayan turmi na 7. Sai kuma wata 14 suka wuce kafin ya kare kambun, a Newark ranar 11 ga Disamba 2008, da wani bahagon ɗan Nikaraguwa, William González. Ya sha da ƙyar: 116-112 sau biyu, da 114-114.

Karawa da bahago tana da ƙa'idarta. Ƙafar gaban mai dama ita ce ta hagu, ta bahago ita ce ta dama, don haka suna fuskantar juna kamar mutum da madubi. Wanda ya ajiye ƙafarsa ta gaba a wajen ta abokin karawa, shi hannunsa na baya zai samu miƙaƙƙiyar hanya zuwa haɓa. Zunguren hannun gaba yakan rage amfani domin hannuwan gaba biyu suna karo, shi ya sa ake fara kai hari da dama kai tsaye. Illar tsayuwar ita ce kawuna suna gwaruwa, ana taka ƙafar juna, mutum ya faɗi ba a buge shi ba.

Wannan ilimi ne ya yi wa Agbeko rana a 11 ga Yulin 2009 a Sunrise ta jihar Florida. Vic Darchinyan, ɗan asalin Armeniya mazaunin Ostireliya, ya haɗa kambunan WBA da WBC da IBF a ajin 115, ya hauro yana neman na bantam, kuma yawancin masu hasashe shi suka ba wasan. Darchinyan yakan duƙa, ya miƙa hannun dama kamar mai laluben ƙofa, yana jiran ya saki hagu guda ɗaya ya gama da mutum. Agbeko bai tsaya a inda hagun take sauka ba. Yakan riga shi da dama, ya matso jiki ya kashe tazarar, sai hagun ta wuce ta bayan kai. Darchinyan ya ƙare wasan da jini a fuska, kuma da bakinsa ya amsa cewa neman bugun kwaf ɗaya ne ya ɓatar da shi.

Amma a duba takardun maki: 116-111, 114-113, 114-113. A turmi na 7, wanda mai riƙe agogo ya bari ya zarce minti 3 da aka ƙayyade, Agbeko ya kai ƙasa cikin turereniya, alƙalin wasa ya ƙirga masa a matsayin kisa. A tsarin maki, wanda ya ci turmi yana da 10, wanda aka ci 9, in ya faɗi a ba shi 8. Maki 114-113 na nufin Agbeko ya ci turmi 7, Darchinyan 5, aka zare maki ɗaya na faɗuwar. Da turmi ɗaya tak ya juya a takardun nan biyu, da kambu ya tafi a kan faɗuwar da ba ta naushi ba ce.

Juya baya a turmi na 10

Wata uku da rabi bayan nan, ranar 31 ga Oktoba 2009 a Las Vegas, Agbeko ya haɗu da Yonnhy Pérez ɗan Kolombiya, wanda ya samu damar ne bayan ya tsayar da Silence Mabuza a turmi na 12 a Afirka ta Kudu. Pérez dogo ne, ba shi da bugun kisa na a zo a gani, amma hannunsa ba ya hutawa. Agbeko ya zaɓi ya tsaya gaba da gaba su yi ta musayar wuta. 'Yan kallo sun more, shi kuwa ya sayi wasan da abokin karawarsa yake so. Mai yawan naushi, in aka ba shi mutum a tsaye, duk uku da aka ba shi zai mayar da huɗu, kuma alƙalan maki abin da ya sauka suke gani.

A turmi na 10 kawunansu suka gwaru. Agbeko ya juya yana nuna wa alƙalin wasa goshinsa, alƙali bai tsayar ba, Pérez ya ci gaba da duka har ya kai shi ƙasa. Aka ƙirga. Umarnin da ake ba kowane ɗan dambe a tsakiyar dandamali kafin ƙararrawar farko shi ne ya kare kansa a kowane lokaci, kuma ma'anarsa ita ce laifi bai zama laifi ba sai alƙali ya ce a tsaya. Abin da ake koya wa yaro shi ne in an gware shi ya rungume abokin karawa ko ya ja baya hannu a sama, kuka kuma aikin mutanen kwanarsa ne, wato mai horarwa da mataimakansa. Duk da haka ba faɗuwar ce ta ci shi ba. Maki 117-110 sau biyu da 116-111 sun nuna ko babu ita Pérez ne da wasan.

Gyaran da aka yi a Tacoma

Agbeko ya sake zama wata 13. Abin da ya dawo da shi gasar mutum huɗu ce da tashar Showtime ta shirya: shi da Pérez, sai Darchinyan da Abner Mares. Ranar 11 ga Disamba 2010 a Tacoma ta jihar Washington, Agbeko ya fito da wani salo dabam. Yana zungura da hagu, ya saki biyu ko uku, ya zame gefe kafin Pérez ya kafa ƙafa. Mai yawan naushi sai ya dasa ƙafafunsa yake iya sakin jeri, in ana sa shi juyawa kowane daƙiƙa kaɗan sai ya koma bin sawu. Agbeko ya tsaya musaya a wasu wurare, musamman a tsakiyar wasan, amma shi ke zaɓar lokacin shiga da na fita. Alƙalai suka ba shi 115-113, 116-112, 117-111, ya karɓi kambunsa.

A ganina wannan ne wasansa mafi kyau, ya fi na Darchinyan, domin ya ci mutumin da ya taɓa cinsa ta hanyar barin halinsa na son faɗa. Kaɗan ne daga cikin 'yan dambe suke iya canza salo suna da shekara 30.

Daren Russell Mora

An sa wasan ƙarshe na gasar da Mares ranar 23 ga Afrilu 2011 a Los Angeles. Kwanaki kaɗan kafin ranar, isarsa garin ke da wuya, Agbeko ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka ce ciwon babbar jijiyar nan ce da ke tasowa daga ƙugu ta sauka ƙafa. Aka ɗage wasan. A aljihun ɗan dambe wannan asara ce tsantsa, domin ba a biyan kowa sai ya hau dandamali. An riga an kashe kuɗin sansani, an biya abokan gwaji, an matse jiki har kusa da 118, kuma dole a sake duka daga farko. Ko da wasa ya yiwu, ladan ba nasa ba ne shi kaɗai. A al'ada manaja na iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin uku, mai horarwa kashi 10 cikin 100, hukumar kambu kashi 3, mai tsayar da jinin rauni wajen kashi 2, ga haraji. Ladan ƙananan azuzuwa dama bai kama ƙafar na manya ba, balle ga mai wasa ɗaya a shekara.

Aka yi wasan ranar 13 ga Agusta 2011 a Las Vegas, Russell Mora ne alƙali. Mares mai dukan jiki ne, kuma tun turamen farko hannunsa ya riƙa sauka ƙasa da ɗamara. Doka a fili take. Kafin wasa alƙali yakan shiga ɗakin shiri ya nuna inda layin yake, wato daidai cibiya da saman ƙashin ƙugu, ya kuma faɗa idan wandon ɗan wasa ko makarin mararsa ya hau sama. In an yi dukan ƙasa, yana da matakai: gargaɗi, zare maki, har kora. Wanda aka buga kuma yana da damar hutun da ya kai minti 5. Mora ya yi ta gargaɗi, bai zare ko maki ɗaya ba. Gargaɗin da ba hukunci a bayansa kuwa izini ne. Ɓangaren Mares sun kafa hujja da cewa Agbeko na danne masa kai, shi ke sa hannun ya sauka ƙasa. Akwai ƙamshin gaskiya a wasu lokutan, amma ba a duka ba.

A turmi na 1 an ƙirga wa Agbeko faɗuwar da ta fi kama da tuntuɓe. A turmi na 11 Mares ya saki hagu ta sauka a kan makarin mara, ƙasa sosai, Mora na kallo. Agbeko ya durƙusa, Mora ya fara ƙirga. Bayan wasa an nuna wa Mora hoton a talabijin, ya tsaya a kan bakansa.

Ga yadda lissafin yake. Takardu sun fito 115-111 sau biyu ga Mares, da 113-113. In aka bi tsarin da aka saba, 115-111 na nufin Mares ya ci turmi 7, Agbeko 5, da maki 2 na faɗuwa biyu. A cire faɗuwar biyu, ya zama 115-113. A zare wa Mares maki 2 na dukan ƙasa, abin da ba wanda zai kira zalunci a wannan dare, ya zama 113-113 a takardu biyu. Kunnen doki ke nan, kuma a kunnen doki zakara ke tafiya da kambunsa. Wannan ma ba a sa illar dukan a jiki ba. Naushin da ya sauka a mara ko a ƙashin ƙugu yana kashe ƙafa, kuma ƙafa ce makamin da ya ci Pérez da shi a Tacoma.

Akwai abin da mutanen kwana za su iya yi a irin wannan hali, ko da yake ba shi da yawa. Wanda ya san abokin karawarsa mai dukan jiki ne, tun a taron ƙa'idoji yake tayar da maganar layin ɗamara a gaban wakilin hukuma. A sa wa ɗan wasa wando daidai cibiya don kada a samu abin fakewa. A minti ɗaya na hutu, babban mai horarwa ya kira wakilin hukumar jihar ya shigar da ƙorafi, maimakon ihu daga ƙasa. Shi kuma ɗan wasan ya rage tsayawa ƙirji da ƙirji, tunda a nan dukan ke samun wurin ɓuya.

IBF ta ba da umarnin a sake wasan nan take. Aka yi shi ranar 3 ga Disamba 2011 a Anaheim, da wani alƙalin. A nan babu abin kuka. Mares, wanda Agbeko ya girme shi da shekara 5, ya fi shi sauri da yawan naushi, duk da raunin da ya samu a gefen ido tun farkon wasa, kuma alƙalai uku suka rubuta 118-110. Wanda zai ba da labarin dare na farko, adalci ne ya haɗa da na biyu.

Hawa 122

Shekarar 2012 ta wuce babu wasa. A watan Maris 2013 Agbeko ya ci Luis Meléndez ɗan Kolombiya da maki a Akkara, ya ɗauki kambun IBO, wanda ba ya cikin manyan kambunan duniya huɗu. Daga nan aka miƙo masa Rigondeaux a Atlantic City, a ajin 122. Ga mai shekara 33 da ya yi wasa ɗaya cikin shekara biyu, wannan tayi ne mai wuyar ƙi, kuma mai wuyar ci. Rigondeaux ɗan Kyuba ne, ya ci zinare sau biyu a Olamfik, bahago ne da ke jiran mutum ya miƙo hannu ya hukunta shi, kuma a watan Afrilun shekarar ya doke Nonito Donaire.

Abin da dogon zama ke fara ci shi ne auna lokaci da tazara, wato sanin daƙiƙar da za a saki hannu. Buhun horo ba ya mayar da martani, abokin gwaji kuma sanye yake da hular kariya da manyan safar hannu, ba na oza 8 da ake wasa da su ba. Agbeko ya ɗanɗani hagun Rigondeaux a jiki tun da wuri, ya ɗaga hannuwa ya rufe fuska, ya kasa sakinsu. Masu ƙidayar naushi sun rubuta masa 48 da suka sauka a turmi 12, wato 4 a kowane turmi, daga mutumin da ya yi musayar wuta da Yonnhy Pérez na minti 36. Alƙalai uku duka suka ba da 120-108.

Wannan ne karo na 5 da aka ci shi, kuma duka biyar ɗin da maki ne, babu wanda ya tsayar da shi kafin ƙararrawar ƙarshe. Daga baya ya mayar da yawancin wasanninsa gida Ghana, ya sake matse jiki ya koma 118, inda a 2018 ya ci kambun Afirka na WBO yana dab da shekara 40.